Kwana Biyu a Landan: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗalibin da Zai Kai Ziyarar Ƙarshen Mako

Ɗalibai da yawa da ke karatu a jami'o'in Birtaniya sukan shafe wata da watanni a Coventry ko Leeds ko Sheffield ba su san komai na Landan ba, in ban da filin jirgin sama na Heathrow da suka sauka da hanyar da ta fitar da su daga cikinsa. Amsoshin da ke tafe an tsara su ne domin irin wannan ɗalibi, wanda Asabar da Lahadi kawai yake da su, kuma abin da ke aljihunsa shi ne ɗan abin da ya rage bayan ya biya haya ya sayi abinci.

Shin kwana biyu za su isa a ga Landan?

Ba za su isa ba, kuma gara mutum ya karɓi wannan gaskiyar tun kafin ya sayi tikiti. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa mutum kusan miliyan 8.8 ne ke zaune a birnin, a cikin ƙananan hukumomi 32 tare da tsohon birni na tsakiya. Wanda ya rubuta wurare ashirin a takarda ya ce sai ya taka kowanne, zai ƙare ziyararsa ne a ƙarƙashin ƙasa yana sauya jirgi, ya koma gida da hotuna masu yawa da ƙafa mai ciwo, alhali bai tsaya ya kalli ko abu ɗaya da kyau ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin.

Abin da ya fi amfani shi ne a raba kwanakin gida biyu. A ba wa tsakiyar birni rana ɗaya, inda fadoji da gadoji da gidajen tarihi suke, sannan a ba wa unguwannin jama'a rana ta biyu, domin a can ne ake gane dalilin da ya sa ake kiran Landan mahaɗar al'ummun duniya. Mafi yawan masu zuwa rabin farko kaɗai suke yi, kuma a ganina sun bar rabin da ya fi koyar da ɗalibi.

Jirgin ƙasa ya fi ko motar bas?

Jirgin ƙasa ya fi sauri, bas ya fi araha. Daga Manchester jirgi yakan kai Landan cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, bas kuwa yakan ninka wannan lokacin ko ya wuce. Kowane ɓangare na ƙasar yana da tasharsa a Landan, kuma sanin wannan yana taimakawa wajen zaɓen masauki: jiragen Manchester da Liverpool da mafi yawan na Birmingham suna tsayawa a Euston, na Leeds da Newcastle da Edinburgh a King's Cross, na Sheffield da Nottingham da Leicester a St Pancras, na Bristol da Cardiff kuwa a Paddington. Motocin National Express da ire-irensu mafi yawansu suna sauke fasinja a tashar bas ta Victoria.

Kuɗin tikitin jirgi ba tsayayye ba ne. Wanda ya saya makonni kafin tafiya yana iya biyan ƙasa da rabin abin da zai biya a ranar, sai dai irin wannan tikitin na jirgi ɗaya ne a ƙayyadadden lokaci, idan ya wuce ka kuwa ya wuce da kuɗinka. Akwai kuma katin rangwame da ake kira 16-25 Railcard, wanda yake rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi, kuma ɗalibin da ya haura shekara 25 shi ma yana da damar samunsa muddin karatun cikakken lokaci yake yi kuma makarantarsa ta tabbatar da haka. Ɗaliban digiri na biyu da na uku da yawa ba su san wannan ba, sai su yi ta biyan cikakken kuɗi har su gama karatu.

Ina bukatar wata takarda ta musamman?

Wanda yake karatu a cikin Birtaniya ba ya ƙetare wata iyaka, saboda haka katin shaidar makaranta ya wadatar, kuma shi ne zai sama masa rangwame a wuraren da ake biya. Wanda yake karatu a Faransa ko Jamus ko wata ƙasa ta yankin Shengen kuwa, ya sani cewa Birtaniya ba ta cikin wannan yarjejeniya, kuma mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai ya nemi bizar ziyara tun da wuri.

A ina ya kamata in kwana?

Masauki shi ne abin da zai fi cin kuɗin tafiyar, shi ya sa wanda yake da ɗan'uwa ko abokin karatu a Landan ya yi sa'a, amma ya sanar da shi tun da sauran lokaci, domin ɗakunan birnin ƙanana ne kuma gidajen haya da yawa suna da ƙa'ida kan kwanan baƙo. Idan babu wannan, akwai masaukan matasa inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin mutum huɗu ko shida ko fiye. A nan sai an karanta bayani da kyau, saboda ɗakuna da yawa maza da mata ake haɗawa, kuma ɗalibar da take son ɗakin mata zalla sai ta zaɓe shi da kanta lokacin biya. A lokacin dogon hutun bazara wasu jami'o'in birnin, irin su LSE da Imperial, sukan ba da hayar ɗakunan ɗalibansu ga baƙi, kuma waɗannan sukan kasance a tsakiyar gari da tsabta da tsaro.

An raba Landan zuwa shiyyoyi na sufuri, shiyya ta 1 ita ce tsakiya, lambobin suna hawa yayin da ake fita waje. Ɗaki mai araha a shiyya ta 5 yana iya cinye ribarsa a kuɗin jirgi da sa'o'in da za a ɓata a hanya safe da dare. Shiyya ta 2 ko ta 3, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ce matsakaiciya. A kuma yi tafiya da jakar goyo kawai, domin ajiye akwati a manyan tashoshi yana da tsada, kuma wasu gidajen tarihi ba sa barin a shiga da akwati mai taya.

Yaya ake zirga-zirga a cikin birnin?

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan shi ne mafi tsufa a duniya, an buɗe layinsa na farko a watan Janairun 1863, yau kuma yana da layi 11 da tasha 272, ban da layin Elizabeth da aka buɗe a 2022. Ba a bukatar sayen tikitin takarda. Katin banki na taɓawa, ko waya, ko katin Oyster na sufurin birnin da ake zuba wa kuɗi, shi ake ɗorawa a kan na'ura mai launin rawaya lokacin shiga da lokacin fita, kuma akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a rana ɗaya, idan ya kai ta sauran tafiye-tafiyensa a waɗannan shiyyoyi kyauta ne. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su shiga da waya su fita da kati. Ko da asusun banki ɗaya ne, na'urar tana ɗaukarsu a matsayin abu biyu, sai ta cire kuɗi mafi yawa a kan kowanne. Mai katin rangwamen jirgi kuma yana iya roƙon ma'aikacin tasha ya haɗa masa shi da katin Oyster, sai rangwamen ya bi shi cikin gari, domin ranakun Asabar da Lahadi duka ana lissafa su cikin lokutan da babu cunkoso.

Motocin bas ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Kuɗinsu ɗaya ne komai nisan tafiya, ana taɓa kati lokacin shiga kawai, kuma wanda ya sauya bas a cikin sa'a ɗaya ba ya sake biya. Ina ganin ɗalibi ya fi cin ribar bas a kan jirgi idan ba sauri yake yi ba, domin wanda ya hau saman bene ya zauna a kujerar gaba ta bas mai lamba 15 daga dandalin Trafalgar, zai bi ta Fleet Street, ya wuce gaban majami'ar St Paul, ya sauka a Hasumiyar Landan, ya ga abin da masu motocin yawon buɗe ido suke biyan kuɗi mai yawa su gani.

Akwai ladubba biyu da mutanen gari suke riƙe da su sosai. A kan matakala mai tafiya da kanta ana tsayawa ne a hannun dama, a bar hagu ga masu sauri, kuma ana barin na cikin jirgi su fito kafin a shiga. Sannan taswirar jirgin ba ta nuna ainihin nisa: tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba, tafiyar ƙafa ta fi saukowa ƙarƙashin ƙasa sauri.

Idan na isa da safiyar Asabar, daga ina zan fara?

A fara daga tashar Westminster. Mutum yana fitowa zai ɗaga kai ya ga hasumiyar agogo a samansa, kusa fiye da yadda ya zata. Big Ben sunan babbar ƙararrawar da ke ciki ne, ita hasumiyar tun 2012 ake kiranta Hasumiyar Elizabeth, agogon kuwa tun 1859 yake aiki. Ga Majalisar Dokoki a gefe, ga majami'ar Westminster Abbey inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066, inda kuma aka naɗa Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayun 2023. Daga nan sai a bi titin Whitehall, a wuce ƙofar Downing Street da 'yan sanda ke gadi, a wuce dakarun sarki a kan dawakansu, a fito dandalin Trafalgar. Wanda yake son ganin Fadar Buckingham sai ya ratsa ta lambun St James, tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin ce. Bikin sauyin masu gadi ba kullum ake yin sa ba, saboda haka a duba jadawalinsa kafin a je a tsaya jira.

Da yamma kuma sai a ƙetare Kogin Thames a bi gaɓar kudu a ƙafa zuwa gabas, kusan kilomita 4 har zuwa gadar Tower Bridge. A hanya akwai ƙaton lilon hangen gari mai suna London Eye, da gidan zane-zane na Tate Modern wanda tsohuwar tashar wutar lantarki ce aka mayar da ita a 2000, da kasuwar abinci ta Borough. Gadar nan mai hasumiya biyu da ake gani a hotuna ita ce Tower Bridge, an gama ta a 1894, kuma ba ita ce London Bridge ba, wadda gada ce ta kankare marar ado da za a wuce kafin a iso ta. Duk wannan yawo, in ban da abin da mutum ya ci, ba ya cin ko fam ɗaya.

Da gaske ne shiga gidajen tarihi kyauta ne?

Da gaske ne. Manyan gidajen tarihi na ƙasa ba sa karɓar kuɗin shiga ɗakunansu na dindindin, sai dai baje koli na musamman. Cikinsu akwai British Museum, da National Gallery a dandalin Trafalgar, da guda uku da ke jere a South Kensington, wato gidan tarihin halittu, da na kimiyya, da na Victoria da Albert. A ƙarshen mako layi yakan yi tsawo, shi ya sa ya kyautu a yanki tikitin kyauta mai lokaci ta intanet kafin a je.

Idan ɗaya za a zaɓa, British Museum ne, wanda aka kafa a 1753. Ba a iya gama shi a yini, don haka a shiga da niyyar ganin abu uku ko huɗu. Akwai Dutsen Rosetta, wanda aka tsinta a Masar a 1799, mai rubutu iri uku, wanda ya zama mabuɗin karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. A gabansa kullum akwai cincirindon masu ɗaga waya. Amma ɗalibin da ya fito daga Afirka ta Yamma ya sauka ƙasa zuwa ɗaki na 25, inda aka jera allunan tagulla na Masarautar Benin a jikin sanduna, kowane allo da hoton hakimai da mayaƙa da masu busa, har zanen tufafinsu da murjanin wuyansu ana gani ɗaya bayan ɗaya. Sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a watan Fabrairun 1897, lokacin da suka ci birnin da yaƙi, daga baya aka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba. Gidan tarihin yana riƙe da kaya ɗari tara ko fiye daga Benin, kuma yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa, alhali Jamus ta fara mayar da nata a 2022, haka ma gidan tarihi na Horniman da ke kudancin Landan ɗin kanta ya miƙa wa Nijeriya mallakar kaya 72 a wannan shekarar. Tsayuwa a gaban waɗannan alluna tana haɗa wa mutum alfahari da ɓacin rai a lokaci ɗaya, kuma bai kamata ɗalibi ya gudu daga ko ɗaya cikinsu ba. Ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta a jikin bango, ya lura da kalmomin da aka zaɓa da waɗanda aka kauce wa.

Cikin wuraren da ake biya, wanne ya cancanci kuɗin ɗalibi?

Hasumiyar Landan, idan aljihu zai ɗauka. William Mai Nasara ne ya fara gina ta wajen 1078, ta yi zaman fada da kurkuku da ma'ajiyar makamai, kuma a nan ake ajiye kambun sarauta da lu'ulu'unsa, ciki har da Koh-i-Noor na Indiya da Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Tana bukatar sa'a uku. Hangen birni daga sama kuwa ba sai an biya ba: Sky Garden, lambun da ke saman wani dogon bene, kyauta ne ga wanda ya nemi gurbi tun da wuri, tudun Primrose Hill da na Greenwich kuma a buɗe suke ga kowa.

Ana cewa Landan birni ne na al'ummu iri-iri. A ina ake ganin haka da ido?

A ƙidayar 2021, kusan mutum huɗu cikin kowane goma na mazauna Landan ba a Birtaniya aka haife su ba, kuma ana magana da harsuna fiye da 300 a birnin. Amma lissafi ba ya nuna abin da gini ɗaya a kan titin Brick Lane yake nunawa. A kusurwar da titin ya haɗu da Fournier Street akwai wani gini na jan bulo da aka yi a 1743. Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini ne suka gina shi ya zama cocinsu. A 1898 Yahudawan da suka tsero daga gabashin Turai suka mayar da shi wurin ibadarsu. A 1976 kuma Musulmi 'yan Bangaladash suka mayar da shi masallaci, kuma har yau ana salla a cikinsa. Bango ɗaya, rufi ɗaya, al'umma uku da kowacce ta zo a matsayin baƙuwa marar galihu, ta yi sana'ar saƙa ko ɗinki a waɗannan lunguna, ta samu wurin zama. Sunayen titunan unguwar an rubuta su da Turanci da Bangali, haka ma allon tashar Whitechapel.

Daga nan sai mutum ya zaɓi inda zuciyarsa ta fi karkata, domin biyu kawai rana ɗaya za ta ɗauka. Brixton, a ƙarshen layin Victoria, cibiyar mutanen Karibiyan ce tun bayan da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa a watan Yunin 1948, kuma a dandalin da aka sa wa sunan jirgin akwai cibiyar adana tarihin baƙar fata ta Birtaniya. Peckham kuwa ana yi mata laƙabi da ƙaramar Legas, kuma wanda ya bi titin Rye Lane da yammacin Asabar zai ji Yarbanci daga shagon aski, ya ga doya da busasshen kifi a bakin hanya. A Southall, can yamma a kan layin Elizabeth, allon tasha da rubutun Punjabi yake tarbar mutum, kuma akwai babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh inda ake ciyar da duk wanda ya shigo kyauta, da sharaɗin ya cire takalmi ya rufe kansa. Edgware Road ta Larabawa ce, Green Lanes ta Turkawa da Kurdawa, Gerrard Street kuma ita ce zuciyar unguwar Sinawa.

Waɗannan wurare gidajen mutane ne da wuraren neman abincinsu, ba dandalin kallo ba. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mai shago ko mai ibada, a sayi wani abu ko ƙarami ne, a yi gaisuwa. Kuma kada a ɗauka cewa zaman tare ya kawar da bambancin arziki, domin daga Whitechapel, ɗaya daga cikin yankunan da talauci ya fi yawa a birnin, ana hango dogayen gine-ginen bankuna da idanu, tafiyar minti goma ce tsakani.

Ina zan yi salla, kuma yaya batun abincin halal?

Musulmi sun kai kashi 15 cikin 100 na mutanen Landan, saboda haka wannan ba abin damuwa ba ne. Babban Masallacin Landan mai zinariyar ƙubba yana gefen lambun Regent's Park, an gama gininsa a 1977. Masallacin Gabashin Landan kuma yana kan titin Whitechapel, yana ɗaukar dubban masallata, yana da ɓangaren mata mai faɗi, kuma yana cikin ƙalilan da ake jin kiran sallarsu a kan titi da lasifika. A tsakiyar gari masallatai ƙanana ne kuma a ɓoye suke cikin lungu, don haka a duba wurinsu a taswirar waya tun da safe. A lura da cewa a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin 'yan sa'o'i, a watan Yuni kuwa Magariba sai bayan ƙarfe tara.

Gidajen abincin halal suna da yawa a Whitechapel da Edgware Road da Green Lanes, kuma galibi suna manna shaida a ƙofa. Inda babu shaida a tambaya, ba wanda zai ga baƙon abu a tambayar. A gidajen abinci na zama sau da yawa ana ƙara kashi 12.5 cikin 100 a kan takardar kuɗi a matsayin ladan hidima. Ruwan famfo kuwa mai kyau ne, kwalba ɗaya da za a riƙa cikawa ta isa.

Lahadi ta bambanta da Asabar?

Ta bambanta sosai. Doka ta taƙaita wa manyan kantuna sa'a shida kawai a ranar Lahadi, don haka mafi yawansu sukan rufe da ƙarfe biyar ko shida. Westminster Abbey da St Paul na masu ibada ne kaɗai a ranar. A ɗaya ɓangaren kuma, Lahadi ce ranar kasuwar Brick Lane da kasuwar furanni ta Columbia Road, kuma ranar ce ake taruwa a Speakers' Corner, kusurwar lambun Hyde Park inda kowa yake iya hawa ɗan tsani ya yi jawabi, al'adar da doka ta amince da ita tun 1872. Muhawarar addini da siyasa takan yi zafi a wurin. Sauraro yana da amfani, shiga musu da wanda ya shekara goma yana yin sa kowane mako kuwa ɓata lokacin baƙo ne.

Greenwich ma ta dace da safiyar Lahadi ga mai son natsuwa. A can ne layin da aka amince a 1884 ya zama mafarin auna gabas da yamma na duniya ya ratsa, wanda daga gare shi agogon GMT ya samo suna.

Akwai wuraren da suka shafi tarihinmu kai tsaye?

Akwai, kuma mafi yawansu suna kan hanyar da mutum zai bi dama. A Aldwych akwai Bush House, ginin da muryar "London take kira" ta yi shekaru tana fitowa daga cikinsa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a watan Maris na 1957, kuma sai a 2012 sassan harsunan waje suka bar ginin suka koma Broadcasting House, yanzu kuwa ɗaliban King's College ne ke karatu a ciki. A Bloomsbury, bayan British Museum, akwai makarantar SOAS wadda ta shafe shekaru masu yawa tana koyar da Hausa, kuma a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan da ke wannan unguwa ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka yi karatu a shekarun 1940. Kusa da Fadar Buckingham kuma akwai Lancaster House, inda Sardauna Ahmadu Bello da Awolowo da Azikiwe suka zauna da Turawa a 1957 da 1958 kan tsarin mulkin da ya kai Nijeriya ga 'yancin kai. Ba a shiga, amma ana ganin sa daga lambun Green Park.

Zan iya kallon wasan Firimiya?

Da wuya ga wanda ya yanke shawara a makon. Tikitin Arsenal da Chelsea da Tottenham 'yan ƙungiya masu rajista ake fara sayar wa, kuma sayar da tikitin ƙwallo a bayan fage laifi ne a dokar Ingila, ga shi jabu sun yi yawa. Abin da yake samuwa shi ne zagayen filin wasa a ranar da babu wasa, ko wasan ƙungiyoyin mata, ko na ƙananan rukunai irin su Charlton da Leyton Orient.

Me ya kamata in kiyaye ta fuskar tsaro?

Abin da ya fi damun baƙi shi ne fizgen waya. Masu yin sa a kan keke mai lantarki suke, suna bi ta gefen titi su warce wayar wanda ya tsaya yana duba taswira, kafin ya juya sun sha kwana. Idan za a duba waya a matsa jikin bango, nesa da bakin titi. A kan gadar Westminster akwai masu cacar kofi uku da ƙwallo, kuma waɗanda ake gani suna cin kuɗi a wurin abokan aikinsu ne. Kekunan fasinja masu fitilu da kiɗa da ke yawo a Oxford Street da Soho sun yi suna wajen tsawwala kuɗi. Baƙar tasi kaɗai aka yarda a tare a kan titi, sauran motocin haya sai an kira su ta manhaja ko ofis. Motoci a hannun hagu suke tafiya, shi ya sa aka rubuta a ƙasa a bakin mararraba ɓangaren da za a duba. Lambar gaggawa 999 ce, ta rashin lafiyar da ba ta kai gaggawa ba kuma 111.

Me zan sa, me zan riƙe?

Takalmin da aka saba da shi, rigar da ruwa ba ya ratsawa, da batirin cajin waya, domin idan waya ta mutu tikiti da taswira da kuɗi duk sun tafi tare. Wurare da yawa kati kawai suke karɓa.

Yaushe ya kamata in kama hanyar komawa?

Kada a dogara da jirgi na ƙarshe a daren Lahadi. A ƙarshen mako ne ake gyaran layukan dogo, a rufe wani sashe a maye gurbinsa da bas, sai tafiyar sa'a biyu ta zama ta huɗu, kuma haka ake yi wa layukan cikin gari, shi ya sa ya kamata a duba shafin hukumar sufuri ta TfL tun ranar Alhamis. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kwana yana aiki a layuka biyar a daren Juma'a da na Asabar kawai, ranar Lahadi kuwa ya fi saurin tashi daga aiki. Wanda yake da lacca da ƙarfe tara na safiyar Litinin ya nemi jirgin da zai tashi tsakanin ƙarfe biyar da bakwai na yamma, ya isa tasha da rabin sa'a a hannu, domin a Euston da King's Cross sau da yawa ba a bayyana lambar dandamalin jirgi a allo sai saura 'yan mintoci ya tashi.